Warin Tafarnuwa a Ɗakin Mai Jego

Zuwa ga Jami'in da ke kula da magungunan gona da na ajiyar hatsi a yankinmu na Boɗinga da Shagari.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina roƙon ka yi mini haƙuri da rashin ambaton sunanka. Ban san shi ba ne. Na shiga ofis uku ina neman wanda wannan magana ta rataya a wuyansa, kowa ya tarbe ni da mutunci, ya ba ni kujera, sannan ya nuna mini ƙofa ta gaba. Shi ya sa na rubuto a fili, ko Allah zai sa ta iske ka.

Ni tsohon malamin makaranta ne. Na daɗe ina koyar da tarihi kafin in ajiye alli in koma gona a Danchadi: da damina gero da wake, da rani albasa da tafarnuwa a fadama. Tsoro ne ya sa ni wannan rubutu. Ɗiyata Rabi tana da ciki, haihuwarta za ta faɗo daidai lokacin da ake shigar da wake gida, kuma ina tsoron abin da ya kashe ɗanta na fari ya same ta a karo na biyu.

Na farko, ga abin da ya faru a gidana.

Ka san tun da aka fara jin labarin masu kwashe rumbuna, mutanenmu suka daina barin amfanin gona a waje. Abin da ya fi daraja, ɗaki ake shigar da shi. A kakar da abin ya faru na sami buhu takwas na wake, na jera su a ɗakin da Rabi ta taso a ciki, tunda ya zama fanko bayan aurenta. Don kada ƙwari su cinye shi, na sayi ƙwayar nan mai launin toka da wasu ke ce wa gas, wasu bam. Mai sayarwa ya zazzago mini ita daga gwangwaninta, ya ƙunsa a takarda kamar goro, ya ce biyu a kowane buhu. Ni kuwa, da ƙwazon tsohon malami da ke son aiki ya yi kyau, na sa uku-uku. Na ɗaure kowace a tsumma, na cusa cikin wake, na ɗinke buhuna. Ranar Alhamis ke nan.

Washegari Juma'a aka yi sunan jikana a Dandin Mahe, gidan mijinta. Suka yi mini kara, suka sa masa sunana. Ranar Asabar, bisa al'adar haihuwar fari, aka kawo Rabi gida wanka. Ina za a sauke ta in ba ɗakinta ba? Mahaifiyarta ta share shi, ta lulluɓe buhunan da tabarma don kada su ɓata wa 'yan barka gani. Daga nan aka yi mata duk abin da ake yi wa mai jego. Aka toshe taga da tsumma kada iska ta buge ta, aka sa garwashi, aka saki labule, ana shigar da ruwan zafi yana tururi safe da yamma. Babu abin da muka rage na kulawa. Sai daga baya na san cewa danshi ne ke tayar da wannan ƙwaya, ta rinƙa fitar da iskarta.

Ranar Lahadi Rabi ta ce kanta na ciwo, ƙirjinta ya yi nauyi, ta yi amai. Muka ce zazzaɓin jego ne, aka ƙara mata kunun kanwa, aka ƙara rufe ɗaki. Mahaifiyarta ma ta yi kukan jiri, muka ce gajiyar hidima ce. Na shiga da kaina na duba su, kuma na ji wari, wari irin na tafarnuwa. Yallaɓai, a gidan manomin tafarnuwa wa zai tsaya tambayar wannan wari? Yana jikin rigunanmu, yana zaurenmu, har yara a makaranta sukan yi wa 'ya'yanmu tsiya da shi. Na fito na ci gaba da harkata.

Ranar Litinin da hantsi yaron ya ƙi kama nono, numfashinsa na fita da sauri-sauri, leɓɓansa suka canza launi. Muka sa su a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. Rabi ta farfaɗo bayan kwana biyu. Shi kuwa takwarana bai kai la'asar ba. Kwanansa goma sha ɗaya a duniya, uku daga ciki a gidana.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ja ni gefe ta tambaye ni ko akwai hatsi da aka sa wa magani a inda suke kwana. Kafin ta rufe baki na tuna buhunan nan takwas. Bayan sadakar uku na koma kasuwa na sa aka nuna mini gwangwanin. A jikinsa an rubuta da Turanci cewa kada a yi amfani da ita a gidan da mutane ke zaune, kuma sai wanda aka horar zai taɓa ta. Ni ina karanta Turanci. Da gwangwanin aka ba ni maimakon ƙunshin takarda, da na karanta.

Na biyu, ina so in tuna maka tarihin da na koyar da bakina, na kuma kasa gane shi a cikin gidana.

A yaƙin duniya na farko, a shekarar 1915, a ƙasar Beljiyam, aka buɗe tukwanen iskar kulorin aka bar iska ta kai ta ramukan da sojojin abokan gaba ke ɓoye. Mutane suka mutu ba harsashi, ba rauni, sai shaƙewa. Daga baya aka kawo wata gubar da ta fi ta, mai ƙona fata da makantar da ido, kuma waɗanda suka shaƙe ta sun ce warinta kamar na tafarnuwa ne. Na sha faɗa wa ɗalibaina wannan, har ina yi musu ba'a cewa da a Danchadi aka yi yaƙin, da babu wanda zai gudu, sai dai mu ce maƙwabci ya fara girbi. Suka yi dariya, ni ma na yi. Yanzu idan na tuna wannan ba'a, sai in ji kamar in nutse.

Kada a ce na haɗa abin da bai haɗu ba. Na sani ƙwayar wake daban, gubar yaƙi daban. Ƙwayar ba makami ba ce, kuma a hannun wanda ya san aikinta tana tsare abincin jama'a. Amma tarihin abubuwan biyu a cakuɗe yake. Gubar nan mai tsayar da jijiyoyi, wadda duniya ta fi tsoro, wani masani ne a Jamus ya ci karo da ita yana neman maganin ƙwari. A yaƙin duniya na biyu kuma, maganin da aka yi don turara ɗakunan ajiya a kashe ƙwari, shi aka juya aka hallaka mutane masu yawan gaske da shi a ɗakuna rufaffu. Ɗaki rufaffe, iskar da ba a gani, mutum a ciki. Ni ban yi niyyar da suka yi ba, Allah shi ne shaida, amma huhun jariri bai san niyya ba.

Ga inda nake so ka tsaya. Duniya ta yi ƙoƙarin hana wannan masifa fiye da sau ɗaya. A 1925 aka sa hannu a Janiba cewa kada a yi amfani da iskar guba a yaƙi. Takarda ce mai kyau, sai dai ba ta hana ƙerawa da ajiyewa ba, kuma ba ta tura kowa ya je ya duba ba. Aka ci gaba da tarawa, har a 1988 aka zuba ta kan mutanen garin Halabja a Iraƙi, mata da yara suka mutu a bakin ƙofofinsu. Sai a 1993 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya, wadda ƙasarmu ma take ciki, ta hana ƙerawa da ajiyewa, ta kuma ce masu bincike su shiga masana'anta da ma'ajiya su gani da idonsu. Ita ce ta sa aka lalata tarin makamai masu yawa. Abin da ya raba ta farko da ta biyu shi ne zuwa a duba.

Mu a nan har yanzu a kan irin takardar farko muke. An rubuta gargaɗi a jikin gwangwani, an sauke nauyi. Ni dai tun da nake shiga kasuwanninmu ban taɓa ganin wanda ya zo ya tambayi mai tebur me yake sayarwa, ko wa ya koya masa ba. Ƙwayar tana nan a shimfiɗe kusa da maganin ɓera da irin alayyafo, kowa na iya saye.

Na uku, ga abin da ke hana ni sukuni yanzu.

Wannan haihuwa ta biyu ce, don haka Rabi a gidan mijinta za ta yi jego. Na je Dandin Mahe na gani da idona. Ɗakin da surukina, mahaifin mijinta, yake tara wakensa bango ɗaya ne da ɗakinta, kuma bangon bai kai rufin kwano ba. Tsakaninsu akwai sarari da kaza za ta iya ƙetarawa. Shi ma ƙwayar nan yake sa wa, kamar kowa.

Na cire kunyar surukuta na zauna da shi a zaure, na faɗa masa komai. Dattijo ne mai mutunci, ban ga laifinsa ba. Ya ce shekara da shekaru yana sa ta, ko akuya ba ta mutu masa ba. Ya ce baƙin ciki ne ke sa ni ɗora wa kaina abin da Allah ya riga ya hukunta, yaro kwanansa ne ya ƙare. Ya roƙe ni in binne maganar kada ta kai kunnen Rabi, ga ta da ciki. Na yi imani da ƙaddara kamar yadda ya yi, amma addininmu bai ce mu kwantar da jariri a cikin guba mu jira hukunci ba. Sai dai suruki ba ya ɗaga wa suruki murya. Na yi masa godiya, na sa takalmina, na fito.

Maganata ba ta shige shi ba, domin a idonsa ni kaka ne da rashi ya gigita. Amma idan hukuma ta faɗa, a rediyo, da Hausa, ta bakin mai gari da liman, zai ji. Mutanenmu ba taurin kai ke gare su ba, babu wanda ya taɓa gaya musu ne.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

A hana sayar da wannan ƙwaya a warwatse. Duk wanda zai sayar, a san shi, a horar da shi, kuma ya ba da ita a rufe cikin mazubinta da gargaɗi da Hausa, a boko da ajami, da hoto don wanda bai yi karatu ba.

A turo masu dubawa kasuwanninmu kafin a fara sussukar wake, ba bayan an yi jana'iza ba. Su zo ba sanarwa, su kuma dawo.

A yi shela a rediyo da masallatan Juma'a da wuraren awon ciki, da kalmomi kaɗan da kowa zai riƙe: kada mutum ya kwana ko ya yini a ɗakin da aka sa wa hatsi wannan ƙwaya, ko ɗakin da ke jikinsa. A faɗa wa ungozomomi musamman, domin su ne ke shiga ɗakin mai jego. A gaya wa mutane cewa ciwon kai da amai da nauyin ƙirji ga mutanen ɗaki ɗaya alama ce, a fito da kowa sarari nan take. A kuma ce warin tafarnuwa inda babu tafarnuwa abin gudu ne.

Sannan a kusanto mana da buhunan nan masu leda a ciki da ke kashe ƙwari ba tare da magani ba, domin manomi ba zai zuba ido wakensa ya zama gari ba. In ba a ba shi wata hanya ba, ga ƙwaya zai koma.

Na daina noman tafarnuwa, yallaɓai. Ba na iya jure warinta. Ko a miya na ji shi sai in tashi in ɗage labule, in buɗe taga, iyali na kallona. Ɗakin nan kuwa na cire masa ƙyaure gaba ɗaya.

Abu na ƙarshe. Har yau Rabi ta ɗauka zazzaɓi ne ya ɗauke ɗanta. Duk zuwan da za ta yi sai ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce Allah ya saka mini da wahalar da na yi da su a asibiti, ni kuwa in kasa haɗa ido da ita. Na san wannan wasiƙa buɗaɗɗiya ce, na san wani zai karanta mata, ta ji cewa hannun mahaifinta ne ya ɗinke buhunan. Na daɗe ina juya wannan a raina kafin in ɗauki biro. Na saɓa wa roƙon surukina, ina neman afuwarsa. Amma gara ta ji, ko da za ta daina kallona yadda take kallona, in dai za ta fito da abin da za ta haifa daga jikin wancan bango.

Wake ya fara fure. Kwanakin da suka rage ba su da yawa.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da aka ɗora maka, ya tsare ka da zuri'arka daga abin da ake gani da wanda ba a gani, ya sa kada ka taɓa ɗaukar jikanka a tabarma kamar yadda na ɗauki nawa. Allah ya sauki Rabi lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Tsohon malamin tarihi, manomi a Danchadi.