Mangwaron da ke kan tebur

Maman Auta,

Sannu da hanya. Mun tafi makaranta, sai azahar za mu dawo.

Ranar da kika tafi na tsinko mangwaro bakwai a bishiyar bayan gida, duk ba su gama nuna ba. Auta ta zaɓi manya biyu, ta ce na Mama ne, ta ɓoye su a firij. Ni da na hau tsani har na kuje gwiwa, ƙanana aka bar mini.

Jiya ta ciro su. Ɓawon ya yi tabo baƙi-baƙi, ciki da tauri, ba zaƙi. Ta sha kuka. Na zaunar da ita na yi mata bayani: ɗanyen mangwaro idan sanyi ya kama shi, ba ya ƙara nuna. Na nuna mata nawa a kwando, a naɗe cikin jarida, sun nuna lafiya lau.

Ina rufe baki ta kwashe su duka biyar, ta ce yanzu su ne na Mama. Ko ɗaya ba ta rage mini ba, alhali kwana shida ni ke ɗaure mata takalmi!

Suna kan tebur. Don Allah kada ki taɓa sai ta dawo, tana so ta miƙa miki da hannunta. Idan kin ga dama, ki tuna da mai hawa tsani.

Da safe ta ce mini, "Baba, na gane. Mangwaro sai ya nuna kafin ya shiga firij."

Baban Auta