'Yata ta fi son gidan ƙanwata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka ɓoye sunana, danginmu da yawa suna cikin gurup ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku bi ni a hankali, na san ba ni da gaskiya gaba ɗaya.

A Tanut nake aure, 'yata ɗaya tal, shekararta goma sha biyu, bari in ce mata Nana. Tun tana goye Allah ya ba ta jiki, ni kuma na ɗora a kai. Kun san halinmu, in yaro ya yi ɓul-ɓul uwarsa ake yabo, duk gidan sunan da na shiga sai an ce wance ta iya kiwo, kaina ya yi ta kumbura. Furarta sai da sukari, kununta sai da madarar gwangwani, biskit ba ya yankewa a ɗakina. Babanta kuma ma'abocin shayi ne safe da yamma, kofi na uku, mai zaƙin nan da ake miƙa wa yara, tun tana shekara biyu nata ne. Ta sha ta kwanta, ba wanke baki.

Ƙanwata mai bi na tana aure a Belbeji, 'yarta sa'ar Nana ce, siririya kamar sillen kara. Na sha yi mata gori, in ce ko ba a ɗora tukunya a gidanku ne. Ita dariya kawai take yi, abin da ke ƙara ƙona min rai ke nan.

Bara haƙoran Nana suka fara. Na gaba biyu suka yi baƙi, na ciki suka rarake, kumatu ya kumbura, ga shi daga gida zuwa lakwal, wato makarantar boko, sai ta tsaya tana haki. Na sa kanumfari, na sa gishiri, duk a banza. Da muka je likita, majo, babban malamin asibitin, ya ɗora ta a sikeli, ya leƙa bakinta, ya ce ƙibar da ciwon haƙorin uwarsu ɗaya, zaƙi ne, kuma ta riga ta yi famfara, waɗannan in sun tafi sun tafi ke nan. A gaban mutane ya faɗa, kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai da muka kai ta Damagaram aka cire ɗaya, aka cike biyu.

Na yi ƙoƙarin hana ta zaƙi, amma da ta fara kuka sai zuciyata ta karye. Shi ne babanta ya ce ta je hutun damina wajen ƙanwata. Wata uku ta yi. Ta dawo ta faɗa, wuyanta ya fito, tana gudu da yara, asuwaki a hannu duk bayan cin abinci. Ya kamata in yi murna ko? Wallahi kishi ne ya turnuƙe ni. Magana ɗaya biyu sai Tanti ta ce, haka take kiran ƙanwata. Tanti ta ce fura da nono ta isa, Tanti ta ce a tafi rijiya da ƙafa. Har mahaifiyarmu da ta gan ta, sai ta yi ta sa wa ƙanwata albarka, ni da na yi naƙuda ko sannu. Na miƙa wa Nana kofi na uku da hannuna, ta ce ta ƙoshi, cikin ladabi, kamar baƙuwa.

Ranar na kira ƙanwata na wanke ta tas, na ce ta raba ni da 'yata. Ta ce ita ba ta yi komai ba, abin da suke ci shi yarinya ta ci. Na kashe wayata, har yau ba mu gaisa ba.

To yanzu Nana ta ci jarrabawa za ta shiga kwaleji, ta roƙi babanta ta yi a Belbeji, ya yarda bai ko tambaye ni ba, wai in ta zauna nan zan mayar da ita gidan jiya. Ba za a rubuta ta can ba sai da takardar haihuwa. Na ɗauke takardar na tura ƙarƙashin kwanukan jerena. Sati guda ke nan ana nema, an birkice gidan kaf, har da ni ake ɗaga katifa, saura kwana biyar a koma lakwal.

Jiya da la'asar Nana ta zo ta zauna jikina, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta ce, "Mama, ki taya ni addu'a a gan ta, ke addu'arki ba ta faɗuwa ƙasa." Na ce to.

'Yan uwa, in fito da ita ta tafi, ƙanwata ta zama uwarta ni in zama 'yar kallo? Ko in yi shiru ta zauna, alhali ban yarda da hannuna ba? In kuma na fito da ita, me zan ce wa yarinyar nan?