Faifan Da Na Shanya

Largo, Maryland
Farkon watan Yuli

Zuwa ga Yayata Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? In har yanzu tana taka sayyada zuwa kasuwar Aboabo, ki ce mata ina fushi. Ni lafiya ƙalau nake, sai zafi, don ranar garin nan a watan nan ta fi ta Kumasi mugunta.

Kin sha yi mini mita wai ba na ba ki labarin aiki a waya. A gidan mutane nake kwana, ba na sakewa, shi ya sa na ɗauki biro.

Tsohuwar da nake jinya sunanta Olive, ni Mama nake ce mata. Ta kusa casa'in. Mawaƙiya ce a zamaninta, irin waƙar nan ta baƙaƙen Amurka da ake kira jaz. Yanzu ciwon huhu ya cinye muryar, da robar iska a hanci take wuni, in za ta yi magana sai na kai kunnena bakinta. Nas ɗin da ke zuwa duba ta ta ja ni gefe ta ce mu daina ƙirga watanni. 

Abu ɗaya Mama take roƙo. Tana budurwa, tun ba wanda ya san sunanta, ta shiga wani ɗan shago a Washington aka ɗauki muryarta a faifan garmaho guda uku. Ba na sayarwa ba ne, nan take aka yanka su, babu irinsu ko'ina a duniya. Ta ce waɗanda ta yi daga baya, kamfani ya riga ya koya mata yin waƙa kamar wasu. Muryarta ta ainihi tana cikin ukun nan, kuma rabonta da jin su tun ba a haife mu ba. So take ta ji kafin ta tafi. Ɗanta, Mista Clinton, ya samo wani mai aikin sauti a Beltsville, zai zo da na'urarsa mako mai zuwa.

Jiya na hawo da kwalin daga ɗakin ƙasa. Yaya, in kin ga fayafayan! Funfuna ta yi musu fari fat, ga wari irin na tabarmar da ta kwana a ruwa. Ni kuwa baƙo ba zai zo ya tarar da ƙazanta a gidan da nake aiki ba, 'yar Inna ce ni. Gobe in rana ta buɗe zan shanya su a baranda.

Ki gaishe da Inna da duk mutanen gida.

Ƙanwarki,
Bariatu

Largo
Tsakiyar Yuli

Yaya Rabi,

Sallama da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Na shiga uku, Yaya. Na shanya su da hantsi, na koma na yi wa Mama wanka, na canja shimfiɗa, na dama mata kunu. Sai bayan azahar na fita. Ashe faifan farantin ƙarfe ne da aka shafa wa wani baƙin abu kamar fenti, kuma a jikin shafen waƙar take. Na tarar ya tsattsage yana ɓamɓarewa kamar ƙanzon tuwo. Biyu sun tafi gaba ɗaya, sai farin ƙarfe ke ƙyalli. Na ukun gefensa ya tsira, amma wajen tsakiya duk ya ɗaɗɗago. Innalillahi kawai nake maimaitawa.

Nan take na kira Mista Clinton. Da ya zo bai yi faɗa ba, ya dai tsaya yana kallon barandar, wallahi gara a ce ya mare ni.

Mai aikin sautin sunansa Kambai, mutumin kudancin Kaduna ne, Hausarsa ta fi tawa. Yana gani ya ɗora hannu a ka, ya tambaye ni da harshenmu wa ya aike ni. Wai farin nan ba funfuna ba ce, man da ke cikin shafen ne ke tsattsafowa in ya tsufa, akwai ruwan da ake goge shi da shi, kuma babu abin da faifan nan ya tsana kamar zafi. Na ce masa haka muke yi wa duk abin da ya yi sanyi a gida. Ya ce ya sani, tsohuwarsa ma da haka za ta yi. Hakan bai sanyaya mini rai ba.

Ga inda maganar ta tsaya. Kambai ya ce hanya biyu ce. Akwai wata na'ura a wata jiha mai nisa da ke ɗaukar hoton faifai ba tare da ta taɓa shi ba, ta fitar da sautin, amma layin masu jira ya kai watanni. Ko kuma a ɗora allura a nan gida, a ji sau ɗaya tak, allurar tana tafiya tana kankare shafen, kuma bai san inda za ta kai ba. Mista Clinton ya zaɓi ta farko. Ya ce abin da jikokin Mama za su gada ke nan. Ban ga laifinsa ba, sai dai ni na ji abin da nas ta faɗa.

Ya kafa doka kada wanda ya gaya wa Mama. Na amsa da sauri, don mu ma ai haka muke. Kin tuna lokacin da Baba ke kwance, Kawu ya rasu, muka yi ta ce masa ya yi tafiya? To kullum da safe Mama za ta jawo kunnena ta tambaye ni ina mai faifai, ni kuma in ce yana hanya.

Ki sa Inna ta yi mini addu'a, amma kada ki gaya mata dalili.

Taki,
Bariatu

Largo
Ƙarshen Yuli

Yayata,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya.

Na gaya mata. Kada ki ce komai tukuna, ki ji. Kullum sai ta sa na taje mata kai, na shafa mata jan baki, na jingina ta tana kallon ƙofa, wai kada mai faifai ya same ta a hargitse. Haka za ta zauna har numfashi ya gagare ta. Shekaranjiya ta kasa riƙe madubi da kanta, amma ta nuna jan bakin da yatsa. Ke dai bari, Yaya. Na ga ina yi wa matar nan kwalliya don baƙon da na san ba zai zo ba.

Na durƙusa gaban gadon kamar yadda za mu yi wa Inna, na faɗa mata komai, har da hanyoyin nan biyu. Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya fuskarta bango. Tun daga nan ba ta ƙara karɓar ko cokali ɗaya daga hannuna ba, sai nas ta zo.

Mista Clinton ya kira ofishin da suka turo ni, wata za ta karɓe ni ranar Litinin. Wannan ban damu ba, na ci abin da ya fi haka. Abin da ke cina shi ne faifan yana nan kan teburin falo, an naɗe shi cikin kwali, har an rubuta adireshi. Jiya ya shige ɗakin uwarsa ya rufe ƙofa. Muryarsa kaɗai nake jiyowa, tana hawa tana sauka, ita kuwa ba ta da muryar da za ta yi gardama da shi. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai in leƙa, in ce masu ɗaukar saƙo ne.

Ban san me suka yanke ba.

Bariatu

Annandale
Watan Agusta

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya, ke da Inna da yara. Ina gidan wata ƙawata yanzu kafin a ba ni wani wurin, kada ki tayar da hankalinki.

Ranar Lahadi da rana, na gama haɗa jakata ina kicin, sai ga Kambai da na'urarsa. Mista Clinton ya yarda, ban san yadda Mama ta shawo kansa ba. Suka shige ɗakin, ni kuwa ban ga fuskar da zan shiga da ita ba. Can sai Mista Clinton ya leƙo ya yafito ni da hannu, ko sunana bai kira ba. Ashe sun yi ta tokare ta da matasai tana zamewa, in ta kwanta kuma tari ya taso. Na hau gadon na zauna bayanta kamar yadda na saba, bayanta a jikin ƙirjina. Ba ta waiwayo ba.

Kambai ya haɗa kwamfutarsa don ta naɗi duk abin da ya samu. Ya sake faɗa cewa sau ɗaya ne, Mama ta ɗaga yatsa. Ya sauke allurar.

Da farko ƙara ce kawai kamar ana suya. Sai fiyano ya shigo, sai wata yarinya ta buɗe baki. Yaya, tsigar jikina ta tashi. Murya ce siririya mai tsiwa, ta yarinyar da ba ta san tsoro ba tukuna, tana jan kalma tana sakinta lokacin da ta ga dama. Mista Clinton ya dafe bango. Ni kuwa idona na kan allurar, baƙin gari na tashi a bayanta, tana matsawa a hankali zuwa wurin da rana ta ci. Ina ta roƙon Allah a zuci ta ƙara ko layi ɗaya.

Ta gama baiti na farko, ta shiga na biyu. Tana tsakiyar kalma aka ji ƙas, ƙas, sai kukan ƙarfe. Kambai ya ɗauke allurar. Mista Clinton ya ɗago ya kalle ni, na sunkuyar da kai.

Amma Mama ba ta tsaya ba. Babu sautin da ke fita daga bakinta, su ba su lura ba, ni ce nake ji a jikina. Haƙarƙarinta ya buɗe ta ja numfashi daidai inda yarinyar za ta ja, wani ɗan kaɗawa yana bin bayanta yana shiga ƙirjina, ya hau, ya sauka, ya ɗan dakata wurin mai fiyano, ya ci gaba. Haka ta kai waƙar har ƙarshe. Ta riƙe sautin ƙarshen ta daɗe, har na tsorata numfashin ba zai dawo ba. Ya dawo.

Ɗanta ya sunkuya yana ba ta haƙuri cewa waƙar ba ta ƙare ba. Ta jawo kunnensa ta ce masa ta ƙare.

Da yamma na ɗauki jakata. Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban iya tambaya ba. Jiya nas ta kira ni ta ce Mama ta rasu ranar Alhamis da safe.

Rabin waƙar yana kwamfutar Kambai, shi jikokinta za su samu, saboda karambanina. Ɗaya rabin ni kaɗai na ji shi a duniya, yana nan a ƙirjina, ina tashi da shi ina wuni da shi. Na gwada rera shi in naɗa a waya in aika wa ɗanta, amma kin san ni, Yaya, ban iya waƙa ba.

Ki gaishe da Inna, ki ce ta yafe mini shirun da na yi. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai kewarki,
Bariatu