Kalmar da Baba Yake Ta Faɗa

Yaya Mingde,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarka. Ina fatan kai da iyali kuna lafiya, sanyin Harbin bai tayar maka da ciwon gwiwa ba. Allah ya ƙara ƙarfin jiki. Yara suna nan ƙalau, mun kuma gama tsinkar ganyen shayi.

Yaya, Baba ya bar gidanmu na gado, yana wurina a cikin gari. Ka san tun da ɓarin jikinsa ya shanye magana ta yi masa wuya. To, da damina ta kama, muna can gidan muna jinyarsa, sai ya riƙa ɗaga hannun nan mai lafiya yana nuna saman babban falo, yana cewa "queti, queti". Da yake a Sinancinmu farkon kalmar sunan tsuntsun gwara ne, muka ɗauka tsuntsaye yake nufi. Na watsa musu shinkafa a tianjing, tsakar gidan da ruwan sama ke zuba, sai ya kau da kai. Mijina Baoshan ya ce wataƙila hayaniyarsu ce ta ishe shi, shi ne ya ɗauki sanda ya kore su, har yana tsokanar Baba wai tsoho ya rasa abokin faɗa sai tsuntsu. Baba ya yi hawaye, na share masa, na ce gajiya ce.

Wata safiya muna karyawa muka ji ƙara. Katakon nan mai sassaƙen kifi, wanda ke tallafe da gungumen rufi a jikin ginshiƙi, ya faɗo, gara ta cinye cikinsa. Gungumen ya sunkuyo, aka ce zama a gidan ya zama haɗari. Da Gwaggo Guizhi ta zo, ta dubi guntayen ta ce ai wannan shi ne queti, kakanmu ya sassaƙa shi. Ta tambaye ni yadda aka yi muka girma a ƙarƙashin abu ba mu san sunansa ba.

Masassaƙi ya ce zai gyaru, amma ba bana ba. Baba kuwa tun da muka fito da shi bai sake furta komai ba, ko cikin barci. Ka daure ka zo bikin sabuwar shekara. A da can, kai ka fi ni zama kusa da shi lokacin da yake aiki, wataƙila in ya sake buɗe baki ka gane.

Ka gaishe da matarka Yuzhen, da 'yarka Xiaotong da jaririnta. Gwaggo tana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Qiuyun