Awa Goma da Matar Yaya

Litinin, 5 ga Mayu

Dogo ya koma ƙasarsu, wai mahaifiyarsa ba lafiya. Allah ya ba ta lafiya, amma ni kam na shiga uku. Shi ne baƙon ɗalibin da jami'a ta haɗa ni da shi don sharaɗin ƙarshe na takardar shaidar sanin al'adun duniya: hirar awa goma da wanda ya tashi a wata ƙasa, in rubuta rahoto, ya karanta ya sa hannu. Ko minti ɗaya ba mu yi ba, kullum sai mu ce sai bayan jarrabawa.

Kwas huɗu na ɗauka saboda takardar nan, ban da nawa na kimiyyar noma. Shekara uku ina jan jiki zuwa ajin bakwai na safe. Kuma ƙungiyar da nake so ta ɗauke ni horo a waje ta rubuta ƙarara, sai mai takardar. Ranar 30 ga wata za a rufe karɓa.

Na kasa zama. Sau biyu na share ɗaki.

Laraba, 7 ga Mayu

Na je ofis wurin ma'aikacin da muke kira Dawo-Gobe, mai karɓar takardunmu. Ko ɗago kai bai yi ba. Wai duk baƙin ɗalibai an raba su, in nemo nawa, ko maƙwabci ne, in dai ba a nan ya tashi ba. "Kuma zama ɗaya awa biyu ne. Ko wuni kuka yi kuna hira, biyu za mu rubuta."

Ƙawata Rediyo, da ba ta iya riƙe magana a ciki, ta ce, "Ke da kike da ita a gida? Ta Waje fa?"

Matar Yaya take nufi. Shekara shida da aurensu, har yau haka muke kiran ta a bayan idonta. Ban taɓa zama ni da ita mu biyu ba. Mama ta ce girman kai ne da ita, mu kuwa muka bi. Ni ce ma gwanar kwaikwayon yadda take jan harshenmu, har su Gwaggo su riƙe ciki don dariya. Yanzu da wane ido zan je?

Alhamis, 8 ga Mayu

Na kira. Sau uku ina kashewa kafin ta shiga. Ta ce, "Ki zo Asabar, Auta." Ba ta ko tambayi dalili ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Mota biyu, sannan matakala har hawa na uku. Gidan tsaf, tukwanen shuka jere a taga, takalmanta farare na asibiti a bakin ƙofa. Ma'aikaciyar jinya ce, na sani, amma ban taɓa tunanin tana gajiya ba sai da na ga yadda ta miƙe ƙafa a kan kujera.

Na fito da tambayoyi ashirin da malaminmu ya ba mu. Na ce, "Anti, a wurinku mutum ɗaya ne gaba ko jama'a?"

Ta ce, "Wane mutum? Wace jama'a?"

Haka muka yi ta yi, ina jefawa tana kaucewa. Awa biyu, abin da na samu bai cika shafi ba. Mun dai tsara: Laraba da Asabar har 24 ga wata, goma cif. Satin ƙarshe tana aikin wuni, ba za ta samu ba.

Mama ta tambayi inda na je. Da na faɗa, sai ta taɓe baki ta ce Allah ya ba da sa'a.

Talata, 13 ga Mayu

Na rubuta rahoton tun yanzu, shafi takwas. Duk abin da ake bukata game da mutanen ƙasarsu yana cikin littattafanmu, me zan jira? Sauran zaman na cike fom ne kawai. Ya yi kyau wallahi, ni kaina da na karanta sai da na yaba wa kaina.

Laraba, 14 ga Mayu

Haushi kamar ya kashe ni.

Ta karanta shi da fensir a hannu, layi-layi, yadda take duba katin marar lafiya. Sama da awa ɗaya ina zaune ina kaɗa ƙafa. Da ta gama ta ce, "Auta, wace ce wannan matar?"

Na ce ai ita ce.

"Kin ce muna son cunkoson jama'a. Ni in na dawo na tarar ba kowa, shi ne hutuna. Kin ce ba ma faɗin magana kai tsaye. To ga ta kai tsaye: ba zan sa hannu ba."

Na yi mata bayani cewa masana ne suka rubuta, mutanen da suka yi shekaru suna bincike. Ta ce to su sa min hannu. Sauran lokacin muka cinye shi da gardama. Ko sallama ban yi mata da kyau ba.

Ashe Mama ta yi gaskiya. Ni da na ci duk kwas ɗin nan da maki mafi girma, ita ce za ta gaya min ban sani ba?

Asabar, 17 ga Mayu

Ban je ba. Bari ta yi ta jira.

Laraba, 21 ga Mayu

Yau ma ban je ba. Na yi ta yawon neman wani. Mai gyaran waya na bakin tasha, wanda kowa ke cewa baƙo ne, ashe a asibitin bayan layinmu aka haife shi, har ya ji haushin tambayar. Rediyo ta ce in kawo fom ɗin ta sa min hannu da hagu, wa zai bincika? Na ce ta bari tukuna. Ban ce a'a ba, na lura.

Da yamma Yaya ya kira. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Ran Asabar ta ƙi fita kasuwa har azahar, wai kar ki zo ki tarar ba ta nan."

Saura kwana tara. Abinci ma ba ya min daɗi. In na zauna in ji kamar in tashi, in na tashi ban san inda zan nufa ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Na je, ba takarda ba biro. Na ba ta haƙuri a tsaye, da sauri, kamar mai shan magani mai ɗaci. Ta ce in zauna. Ta ce ta karanta bayan fom ɗin, an rubuta kowa yana da damar tambayar ɗan'uwansa, kuma ita tambaya ɗaya gare ta.

"Me na yi wa Mama?"

Na so in kauce, ta tsare ni da ido. Sai na faɗa mata abin da kowa a gidanmu ya sani. Ranar da Yaya ya fara kawo ta, Mama tun safe take kicin, ta zuba mata a farantin da ba a fitowa da shi sai don manyan baƙi, ta kawo da hannunta. Ita kuwa a gaban su Gwaggo ta ce, "A'a, na gode." Mama ta ce tunda abincinmu bai kai ta ci ba, shi ke nan.

Sai Anti ta fara dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta rufe fuska da tafin hannu.

Wai a gidansu baƙo ba ya karɓa a tayin farko. Sai ya ƙi, a sake, ya ƙi, a matsa masa, sannan ya ci. Wanda ya miƙa hannu tun farko an ce ba shi da tarbiyya, kuma mahaifiyarta ta ja mata kunne kar ta ba su kunya a gidan surukai. Kwana biyu tana hanya, cikinta ba komai. Tana zaune tana jiran a sake cewa ta ci, sai ta ga faranti ya tashi.

"Ke ce ma kika ɗauke. Kina sanye da koren ɗankwali."

Ta ɗauka tayin na fatar baki ne, ba a so ta ci. Har aka watse ba wanda ya sake yi mata maganar abinci. Na ce me ya sa ba ta gaya wa Yaya ba? Ta ce, "In ce masa uwarka ta bar ni da yunwa? A satin farko?" Mama ma ba ta taɓa gaya masa nata ba. Shi yana waje da maza, har yau gani yake jininsu ne kawai bai haɗu ba.

Abin da ya fi ƙona min rai ban iya gaya mata ba. Wannan maganar ta ƙin tayi tana cikin kwas na biyu, sati na huɗu. Ta fito a jarrabawa. Na samu sha takwas cikin ashirin, na zo gida ina nuna wa Mama. Ko sau ɗaya farantin nan bai faɗo min a rai ba.

Mun kai la'asar muna hira. Ta ba ni labarin ƙanenta mai gardama, da kogin da ke bayan makarantarsu, da yadda har yau take ƙirga ɗigon ruwan marar lafiya da harshensu a zuci. Amma biyu za a rubuta. Shida ke nan.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na gaya wa Mama tana ninke wanki. Ta ce, "To ita ba ta da baki ne?" Na ce ita ma haka za ta iya cewa. Ta harare ni, ta ce karatu ya fara buɗe min ido da yawa. Zani ɗaya ta ninke sau uku.

Laraba, 28 ga Mayu

Sabon rahoto, shafi huɗu, babu masani ko ɗaya a ciki. Na kai mata ƙofar asibiti lokacin hutun rana. A tsaye ta karanta, wayarta na ta ƙara a aljihu. Gyara ɗaya ta yi. Na rubuta ta yi kuka a gidanmu, ta ce a'a, sai da ta koma masauki.

Ta sa hannu, ta bar gurbin awowi fili. "Ki rubuta goma. Huɗun za mu cike daga baya, ba gudu zan yi ba. Kin sha wahala a kan abin nan."

An gama ke nan. To me ya sa har yanzu hankalina bai kwanta ba?

Juma'a, 30 ga Mayu

Wawiya, wawiya, wawiya.

Layi har matakala. Da na iso gaban tebur na ari biron Dawo-Gobe. Goma na zo rubutawa, na rantse. Sai na ga sa hannunta a ƙasan gurbin, ƙanana-ƙananan haruffa a tsare, hannuna ya ƙi. Na rubuta shida.

Yau ya ɗago kai. Ya ce, "'Yata, duba da kyau. Biro yakan yi kuskure." Har ya turo min abin gogewa. Na ce shida ne. Ya ce to yau kam ba zai iya cewa in dawo gobe ba, an rufe, kuma ni bana nake kammala jami'a.

Rediyo ta ce ko aljani ne ya shafe ni. Shekara uku. Na yi kuka a bayan ɗakin karatu har kaina ya yi ciwo, kuma ba zan yi wa littafin nan ƙarya ba, da za a mayar da ni gaban teburin ban san me zan rubuta ba.

Asabar, 14 ga Yuni

Yau aka raba takardun a babban zaure. Rediyo ta turo hotuna goma sha, shuɗin ƙyalle rataye a wuyanta, ta yi kyau. Na taya ta murna na kife wayar. Ƙungiyar ma ta amso shekaranjiya, layi biyu, ba su ɗauke ni ba, suna yi min fatan alheri. Yana min zafi, ba kaɗan ba.

Zaman gidan ya ishe ni, na sa takalmi. Wannan ce Asabar ta biyu da nake zuwa ba tare da wani fom ba. Ba wani abu ba ne, ta ce za ta nuna min yadda take raya shukar nan a tukunya, kuma ai fannina ne.

Ina bakin ƙofa Mama ta kira ni daga kicin. Ta tambayi inda za ni, alhali ta sani. Ta juya min baya tana goge murhun da ta riga ta goge.

"Ki tambaye ta wace rana ce ba ta aiki." Na kai tsakar gida ta ƙara, "Kar ki ce ni na ce."

Zan ce ita ta ce.