Rufaffun Idanun Kaka

Puebla, Mayu 1583

Inna Papan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ciwon ƙafar ya yi sauƙi. Ya mutanen Tlatelolco?

Albishirinki, tarihin gidanmu ya kammalu. Shekara huɗu ina juya littafin zanen da kika ba ni zuwa Sifaniyanci. Watan gobe zai bi jirgin ruwa zuwa ƙasar Sifaniyawa, don dangin babana da ke can su san dangin uwata ma ba daga sama suka faɗo ba.

Abu ɗaya ya yi mini ɗaci. A shafin yaƙin gada, ranar da Sifaniyawa suka shigo, an zana mahaifinki, Kaka Tecol, kwance ido rufe, garkuwa a gefe, ana ta faɗa kewaye da shi. Na rubuta abin da na gani: yana barci aka ci gari. Marubucin ƙwarai ba ya ɓoye gaskiya don ta gidansu ce, kuma na san aikina.

Allah ya ƙara girma.
Ɗanki, Melchor

Tlatelolco, Yuni 1583

Melchor,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa tana nan, ita ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Magatakardan unguwa ke rubuta mini, na ce kada ya rage komai, har zagin.

Kai shashasha! Limaman coci sun cika maka kai da baƙaƙe, sun bar ka makaho. Masu zanenmu ba sa zana barci. Wa zai ɓata launi a kan mai minshari? Duk wanda ka gani ido rufe a littafin nan, gawa ce.

Shekarata tara a ranar, uwarka tana goye. Da hantsi aka kawo Baba cikin kwalekwale, raunukansa duk a ƙirji, babu ko ɗaya a baya. Idanunsa a buɗe suke. Tsohuwarmu ta kasa ko kallonsa. Ni na sa yatsuna na rufe su, waɗannan idanun da kake shirin kai wa Turawa su yi dariya.

Littafin zane ba a karanta shi sai da bakin tsoho a gefe. Matambayi ba ya ɓata, amma shekara huɗu ina raye ba ka tambaye ni ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Rubutunka zai daɗe bayan na mutu, kuma shi za a yarda da shi.

Allah ya shirye ka.
Innarka

Puebla, Yuni 1583

Inna,

Ina gaisuwa, kaina a ƙasa. Ayarin da ke kai kaya jirgi ya tashi jiya, amma ban ba su littafin ba, yana nan gabana. Na sake bin sa shafi-shafi. Mutum goma sha bakwai na ce suna barci.

Ina tafe ranar Laraba da sabuwar takarda. Ki faɗa mini yadda kowannensu ya mutu.

Ki gafarce ni.
Melchor