Ƙugiya ta Huɗu

Litinin, 1 ga Yuli, 2002
Kullum safiya sai an yi cigiyar hula a gidan nan. Yau a akurkin kaji aka tsinto ta Mahdi. Na gaji. Na sa kafinta ya buga ƙugiyoyi huɗu a jikin katako, ya kafa a bangon ɗakin yara. Fentin ni zan yi da kaina.

Laraba, 3 ga Yuli
Na so in zana wa kowa dabbarsa a saman ƙugiyarsa, zakara, kifi, haka dai. Malam maigidana ya ce, "Ke da kike jin wa'azi kullum a rediyo? Ban da mai rai. Rubuta sunaye kawai." Na ce to. Ban yi tunani ba.

Alhamis, 4 ga Yuli
Ja na Mahdi, kore na Zakiyyu, shuɗi na Hafizu, na zagaye kowane suna da ganye. Ya yi kyau, ko ni na faɗa. Da na zo kan ta huɗu sai hannuna ya tsaya.

Ta ɗan farina ce. Shekararsa goma sha ɗaya, ban taɓa kama sunansa ba, haka muka taso muka gani. Tun yaye kakarsa Iya ta tafi da shi garin Babban Mutum, sai da ta rasu watan jiya aka dawo min da shi. "Kai" nake ce masa. To rubutawa ma kira ne? Na shafa ruwan ɗorawa, na bar wurin haka nan.

Asabar, 6 ga Yuli
Talatu maƙwabciyata ta ce rashin kunya ne, a baki ko a bango. Malam ya ce wannan ba addini ba ne, al'ada ce kawai. Shi ɗin ma "yaron nan" yake ce masa. Wa zan bi?

Lahadi, 7 ga Yuli
Ƙannen sun rataye nasu suna ta tsalle. Shi ya tsaya ya karanta ukun, ya dubi ta huɗu, ya ninke hularsa ya sa a aljihu. Iya ce ta ɗinka masa ita.

Talata, 9 ga Yuli
Yayana Ɗantsoho ya biyo daga kasuwa. Wai yaron ya ce masa shi baƙo ne a nan, gara ya koma can. Ranar Asabar zai zo da babur ya ɗauke shi. Na ce, "Ku kuka sani, Yaya," kamar yadda ya kamata uwa ta ce. Sau biyu na zuba wa miya gishiri.

Ba na so ya tafi. Nan kaɗai zan iya faɗa.

Alhamis, 11 ga Yuli
Na buɗe gwangwanin fenti. Na rufe.

Juma'a, 12 ga Yuli
Malam da yara suna masallaci na rubuta sunan. Baƙaƙen duk sun karkace. Talatu ta leƙo ta kama baki. Ta kama.

Asabar, 13 ga Yuli
Yaya ya sha fura, ya koma shi kaɗai. Ban tambayi dalili ba.

Hula huɗu a bango. Fentin bai gama bushewa ba, ya ɓata bakin ta Harisu, sai na wanke masa gobe. Harisu. Ba komai, biro nake gwadawa.